Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Fassara Fina-finai: Ku Waiwayi Katun ɗin Marowaci Scrooge

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki, ku da kuke raba dare a situdiyo kuna ɗora muryar Hausa a bakin jaruman Indiya da na Sin da na Turkiyya. Aikinku ya shiga gidaje fiye da yadda kuke zato. Tsohuwar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, yanzu tana bin labari tiryan-tiryan har ta yi wa mugun fim Allah ya isa. Wannan baiwa ce babba, kuma don na san Allah ya ba ku ita ne na ɗauki alƙalami.

Ni malamin makaranta ne, kuma uba. Damuwata yara ce. Je ka wurin masu tura fina-finai a waya ka ce a ba ka fassara, nan take za a cika maka waya da na faɗa da na soyayya. Ka ce na yara kake so da Hausa, sai a fara sosa ƙeya. Shi ke nan yaro ko dai ya zauna cikin manya ya kalli abin da ya fi ƙarfin shekarunsa, ko ya tasa katun na Turanci a gaba yana kallon motsi kawai, bai san abin da ake cewa ba. Roƙona gare ku shi ne ku waiwayi fina-finan katun da aka yi daga tsofaffin labaran bikin Kirsimeti na Turawa, musamman labarin marowacin nan Ebenezer Scrooge. Na san da jin an ambaci Kirsimeti wasunku za su ja da baya. Ku yi mini haƙuri, zan zo kan wannan. Bari in fara da labarin kansa.

Charles Dickens ne ya rubuta shi, sunansa A Christmas Carol, ya fito a Landan ranar 19 ga Disamba, 1843. Kwafi 6,000 aka buga a karon farko, kafin jajibirin Kirsimeti sun ƙare ƙaf. Ciwon da ya sa shi rubutun tsoho ne. Yana ɗan shekara 12 aka ɗaure mahaifinsa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma aka tura shi masana'antar man goge takalmi, yana yini yana manna takarda a jikin kwalabe. A cikin 1843 ɗin ya karanta rahoton wata hukuma da ta binciki yadda ake bautar da ƙananan yara a masana'antun Ingila, ya kuma ziyarci makarantar 'ya'yan talakawa ta Field Lane, ya ga abin da ya hana shi barci. Da farko ƙasida ya yi niyyar rubutawa, daga baya ya ga labari zai fi ratsa zukata. Cikin kimanin mako 6 ya gama.

Scrooge attajiri ne da ba ya ci, ba ya bari a ci. Akawunsa Bob Cratchit sule 15 yake karɓa a mako, da shi yake riƙe mata da 'ya'ya, cikinsu har da ƙaramin yaro mai rauni, Tim, wanda ba ya tafiya sai da sanda. Ranar jajibere masu neman taimako don gajiyayyu suka shigo ofis, Scrooge ya tambaye su ko gidajen yari sun ƙare ne, ya kuma ce in talakawa mutuwa suke so, su mutu a rage cunkoso. A daren nan fatalwar abokin kasuwancinsa Jacob Marley, wanda ya cika shekara 7 da mutuwa, ta zo masa tana jan sarƙa. Bayanta wasu fatalwowi uku suka biyo, ɗaya ta nuna masa jiya, ɗaya yau, ɗaya gobe. Ya ga kansa yana yaro an bar shi shi kaɗai a makarantar kwana, ya ga budurwar da ta sake shi don ta ga kuɗi sun fi ta daraja a wurinsa, ya ga teburin akawunsa, ya ga kabarinsa da ba mai ziyara. Da gari ya waye ya tashi wani mutum dabam.

An yi wannan labari da 'yan wasa na zahiri sau da dama, wasu kuma sun yi kyau ƙwarai. Amma ni ra'ayina, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa, zane ya fi mutum iya ɗaukarsa. Dalili kuwa yana cikin littafin. Ku duba yadda Dickens ya siffanta fatalwar jiya: kamar yaro, kamar kuma tsoho, haske na fita daga tsakar kanta, siffarta ba ta tsayawa wuri ɗaya. Yanzu hannu ɗaya gare ta, an jima ƙafa ɗaya, an jima ƙafafu ashirin, an jima ƙafafu biyu ba kai, an jima kai ba gangar jiki. Wane ɗan wasa ne zai yi wannan? Iyaka a shafa masa farar hoda, a sa masa farar riga, a haska shi da fitila, kuma duk wanda ya gan shi ya san mutum ne ya ci kwalliya. Mai zane kuwa alƙalami ne a hannunsa. Layi ɗaya zai ja ya ninka shi uku, fuskar ta riƙa rawa a gaban idonka kamar yadda marubucin ya nufa. Haka fuskar Marley da ta bayyana a jikin ƙarfen ƙwanƙwasa ƙofa ta kuma ɓace, haka tsalle daga wannan shekara zuwa waccan cikin ƙiftawar ido. Zane yana tsakanin magana da hoto, yana nuna maka abu amma ya bar wa zuciyarka wurin ƙarasawa, tamkar yadda kaka ke ba da tatsuniya da dare: ba ta taɓa nuna mana Dodo ba, amma kowannenmu ya gan shi.

Wanda ya fi kowa gane wannan shi ne Richard Williams, mai zane haifaffen Kanada da ya kafa situdiyonsa a Landan. A 1971 ya fitar da nasa, minti 25 kacal, tashar ABC ta Amurka ta nuna shi a watan Disamba na shekarar, daga baya ya ci lambar Oska ta gajeren fim ɗin katun. Bai bi salon katun mai launi garau da manyan idanu ba. Komawa ya yi ga zanen John Leech, wanda ya ƙawata bugun farko na littafin, ya ɗauko irin ƙananan layukan nan masu giciye da juna na hotunan ƙarni na 19, ya sa suka motsa. Landan ɗin da ke ciki mai hazo ce da hayaƙin kwal, fuskokin mutane a yamutse saboda sanyi. Muryar Scrooge kuwa ta Alastair Sim ce, ta Marley ta Michael Hordern, su biyun da suka fito a matsayin waɗannan mutane a wani fim ɗin labarin da aka yi da 'yan wasa na zahiri a 1951, aka dawo da su bayan shekara 20.

Ina so ku tsaya a kan shigowar Marley, ku kalle ta da idon masu sana'a. Sarƙar da yake ja ba irin wadda aka saba gani ba ce. Akwatunan ajiyar kuɗi ne, da makullai, da kwaɗuna, da littattafan lissafi, da jakunkuna, wato kayan da ya ɓata ransa a kansu su ne aka ɗaure shi da su. Ƙyalle ne ɗaure a haɓarsa irin na gawa. Da Scrooge ya ƙi gaskata shi, sai ya kwance ƙyallen, muƙamuƙin ya saki, bakin ya wage ya tsaya haka, murya na fitowa ba tare da leɓe ya motsa ba. Bayan nan ya ja Scrooge bakin taga, sai ga sararin sama cike da wasu fatalwowin irinsa, kowa da sarƙarsa. A littafin azabarsu ɗaya ce: suna so su taimaki mutane, dama ta riga ta wuce, har ɗaya daga cikinsu yana kuka don ya ga wata mata da jariri a bakin ƙofa cikin sanyi ya kasa taimaka mata. Yaro ɗan shekara 10 zai fahimci wannan ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Na sha tsayawa gaban aji ina magana a kan rowa da haƙƙin mabuƙaci, yara suna gyaɗa kai, amma gani ya kori ji.

Wani abin da Williams ya riƙe, wanda da yawa ke zubarwa saboda tsadar ɗauka, shi ne tafiyar da fatalwar yau ta yi da Scrooge bayan gidan akawu. Ta kai shi bukkar masu haƙar ma'adinai a wani fili mai iska, ta kai shi hasumiyar fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora, inda mutum biyu ke gadi a tsakiyar teku, ta kai shi kan jirgi cikin igiyar ruwa. Ko'ina talakawa ne ke raba ɗan abin da suke da shi. Mai kyamara sai ya yi hayar jirgi ya jira hadari kafin ya sami wannan, mai zane kuwa takarda kawai yake buƙata. Sannan ga yaran nan biyu, namiji da mace, ramammu, da suka fito daga ƙarƙashin rigar fatalwar. Sunan namijin Jahilci, macen Fatara. Fatalwar ta ce 'ya'yan ɗan Adam ne, a yi hattara da su duka biyu, amma an fi jin tsoron namijin. Nan ne zuciyar littafin take, nan ne rahoton masana'antu da makarantar Field Lane suka shigo cikin labarin. Duk wanda ya taɓa tsayawa a danja yara suka kewaye motarsa da robobi a hannu ba ya buƙatar a gabatar masa da waɗannan biyun.

Na Williams ba na ƙananan yara ba ne sosai, zai iya firgita ɗan shekara 5. Don su akwai na kamfanin Disney na 1983, Mickey's Christmas Carol, minti 26. Agwagwar nan Scrooge McDuck ce ta fito a marowacin, dama tun da aka ƙirƙiro ta a 1947 daga sunan mutumin Dickens aka raɗa mata suna. Ɓeran nan Mickey ne akawu, karen nan Goofy ne Marley. An cire Jahilci da Fatara, an rage ban tsoro, an ƙara raha, kuma ni ina ganin asara ce. Sai dai akwai abin da ya samu wanda fim ɗin manya ba ya samu, yaro ya riga ya san waɗannan fuskoki, yana son su tun kafin labari ya fara. Da aka leƙa gidan akawu aka ga ɗan tsuntsun da iyali duka za su raba, Scrooge ya nuna tukunyar da ke kan wuta yana zaton sauran abincin ne, sai aka gaya masa ai wankinsa ne ake tafasawa. A maƙabarta kuma Mickey ya zo ya jingina sandar Tim a kan kabari, hawaye ya zubo masa, ya juya bai ce uffan ba. Yaron da bai taɓa jin sunan Dickens ba, a nan zai yi tsit.

Akwai kuma na Robert Zemeckis na 2009, wanda aka yi da na'urar da ke ɗaukar motsin jikin ɗan wasa ta mayar da shi zane a kwamfuta. Jim Carrey ne ya yi Scrooge da fatalwowin uku duka. Maganganunsa sun bi littafi ƙwarai, shawagi a kan birnin Landan ma abin kallo ne. Amma an cusa masa doguwar tsere da karusar gawa, har aka ƙanƙantar da Scrooge yana gudu cikin magudanar ruwa, abin da babu shi a littafi kuma bai ƙara komai ba sai hayaniya. In za ku zaɓa, ku bar shi a ƙarshe.

Bayan Scrooge ma akwai wasu. Labarin Grinch, mai ƙyashin da ya sace wa gari kayan biki, littafin Dr. Seuss ne na 1957, kuma a littafin ba shi da launi. Mai zanen katun Chuck Jones ne ya mai da shi kore a katun ɗin 1966, har duniya ta manta ba haka aka fara zana shi ba. Wannan da baitoci aka ba da shi, sai kun nemo mai waƙa ya zauna da ku, kuma mawaƙa ba su yi mana ƙaranci ba. The Snowman na 1982, daga littafin Raymond Briggs na 1978, cikin labarinsa babu mai magana ko ɗaya, kiɗa ne da waƙa guda. Yaro ya gina mutum da dusar ƙanƙara, suka yi abota dare ɗaya, da safe ya tarar ya narke. Ɗan Katsina da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba zai gane rabuwa ce ake nuna masa.

Yanzu ga maganar da na ce zan dawo kanta. Za a ce Kirsimeti ba bikin yawancin masu kallonku ba ne, kuma a aƙidarmu matacce ba ya dawowa. Ban raina wannan damuwa ba. Amma 'yan'uwa, shekara nawa kuna fassara fina-finan da ake watsa launi a bikin Holi, ake kunna fitilun Diwali, ake shiga ɗakin bauta ana kaɗa ƙararrawa? Mai kallo ya san al'adar wasu yake gani. Littafin Dickens ba wa'azin shiga addini ba ne. Abin da ya dame shi albashin ma'aikaci ne, da marar lafiyar da iyayensa ba su da kuɗin magani, da dangin da aka yanke wa zumunci, da ranar da mutum zai kwanta dukiya ba ta bi shi ba. Wane malami ne bai yi mana huɗuba a kan waɗannan ba? Batun fatalwa kuwa, nan ma zane ya fi sauƙi, domin yaro ya san abin da aka zana ƙirƙira ce, yadda ya san Gizo ba ya zuwa kasuwa. In kuna so, ku sa gajeriyar gabatarwa a farko mai cewa ƙagaggen labari ne daga Ingila. Ai aron labari ba baƙonmu ba ne. Abubakar Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya zuba a Magana Jari Ce, muka karanta a makaranta muka amfana.

Kada kuma a manta da waɗanda bikin nasu ne. A Jos da kudancin Kaduna da Tafawa Ɓalewa da Ɓilliri da Numan, da Wusasa a Zariya, akwai ɗimbin Kiristoci da Hausa suke sujada, da Hausa suke ciniki, 'ya'yansu da Hausa suke wasa. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Su ma masu sayen fassararku ne. In Disamba ta zo, me kuka tanadar wa 'ya'yansu?

In kun amsa wannan roƙo, ina da sharuɗɗa, kuma zan faɗe su ba ɓoye-ɓoye, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na san kasuwa ta saba muku da cusa barkwanci da habaici da sara na zamani a duk inda aka yi shiru. A fim ɗin faɗa ana iya yafe wannan. A nan kuwa shirun shi ne rabin aikin. In Mickey ya ajiye sanda a kabari, ku ma ku ajiye makirufo. Kada ku mai da Kirsimeti Sallah, ko Landan Kano, don neman a karɓa. Ku bar yaro ya san akwai wata ƙasa mai sanyi da ta taɓa sa 'ya'yanta bauta a masana'anta, kuma wani ɗanta ya tashi ya tsawata da alƙalami. Muryar Tim yaro ne ya kamata ya yi ta, ba babba mai matse maƙogwaro ba. Ku kuma kula da maganar nan ta "su mutu a rage cunkoso". Sau biyu take zuwa: Scrooge ya faɗe ta a ofis, daga baya da ya tambaya ko Tim zai rayu, fatalwa ta mayar masa da ita. Dole kalmomin su zama iri ɗaya sak a wuraren biyu, in ba haka ba marin ba zai sauka ba. Haka wurin dillalin tarkace, inda mai wanki da mai shara da yaron mai binne gawa suka kawo kayan mamaci suna sayarwa, har labulen gadonsa da rigar da aka sa wa gawarsa, suna dariya. Dariyarsu ba ta nishaɗi ba ce, kada ku ba ta muryar 'yan kama.

Saura batun haƙƙin mallaka, wanda na san ba kowa ke son a tayar ba. Waɗannan fina-finai suna da masu su, ɗora musu murya a sayar ba da izini ba cin haƙƙi ne, kuma bai dace a koyar da tsoron haƙƙi da kayan da ba a nemi izininsu ba. Shi kansa Dickens ya ɗanɗana. A watan Janairu na 1844 wasu suka buga labarin nasa ba da saninsa ba, ya kai su kotu ya yi nasara, suka ce sun karye, kuɗin shari'a wajen fam 700 ya dawo kansa, alhali ribar bugun farko fam 230 ce. Don haka ku haɗa kai da gidajen talabijin masu watsa shiri da Hausa, waɗanda suka san hanyar sayen lasisi, a nemi izini a rubuce.

In lasisin ya gagara, akwai wata ƙofar a buɗe. Dickens ya rasu a 1870, Leech a 1864, littafin da zanensa na farko sun zama na kowa. Muna da samari da 'yan mata masu zane a kwamfuta, suna yin gajerun katun suna sawa a YouTube da TikTok, abin da suka rasa shi ne labari mai nauyi da muryoyin ƙwararru. Ku kuna da muryoyin, labarin kuma ba mai tambayar ku ko kwabo. Ku nemo su, ku sami marubucin da zai zauna da littafin ya fitar da wasan minti 25, a bi sawun Williams wajen riƙe Marley da sarƙarsa da yaran nan biyu. Zane aiki ne mai cin lokaci, wanda yake son ya fito a Disamba sai ya fara tun kafin damina ta sauka.

Allah ya ƙara basira, ya albarkaci sana'a.

Wassalam,
Naku,
Wani malamin makaranta.